Ƙashi da Gaɓa: Abin da Ɗan Dakon Taminus Zai Ɗauka Daga Yoga

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen Taminus a nan Jos: 'yan gwanjo da 'yan kwalli, masu shaguna a titin Ahmadu Bello da na Murtala Mohammed, iyayenmu mata da ke kasa kabeji da karas da dankalin Turawa a bakin hanya, teloli, direbobin keke, masu tura baro da 'yan dako. Sannunku da aiki, sannunku da sanyi.

Yau zancenmu na ƙashi ne da gaɓa, abin da ya kawo zancen kuwa yana cikin aljihun kowannenmu. Ka buɗe waya ka shiga TikTok ko YouTube, ba za ka jima ba sai ka ci karo da wani a kan 'yar shimfiɗar roba, ya naɗe ƙafa ya kai ta bayan ƙeya, ko ya kafa kai a ƙasa ƙafafu na sama. Ana ce maka wannan ita ce yoga, kuma wai minti goma kullum ya isa ya raba ka da ciwon baya. Mai ciwon baya kuwa, kowa ya sani, duk abin da aka ce masa magani ne sai ya gwada. Ya sha jiƙon basir, ya sha na sanyi, ya je kemis an haɗa masa ƙwayoyi, yanzu ga wani ya zo kyauta har cikin ɗaki. Ciwon kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso, kuma shi ne kan gaba cikin cututtukan da ke tauye mutane daga aikinsu a duniya.

Na san tambayar da ke bakin wasu tun yanzu: wannan abu ba bautar Indiyawa ba ce? Tambaya ce mai kyau. Yoga a Indiya ta taso, cikin addinan can, kuma har yau akwai masu haɗa ta da karance-karance da ambaton ababen bautarsu. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi irin wadda ta haɗa da waɗannan abubuwa. Musulmi da Kiristan garin nan suna da haƙƙin yin taka-tsantsan, kuma hukuncin wannan ɓangare na malamai ne da limaman coci, a je a tambaye su. Ni abin da na ɗauko muku yau ilmin gaɓoɓi ne: yadda ƙashi ke zama kan ƙashi, da yadda nauyi ke bi ta jikin ɗan Adam. Wannan na kowa ne.

Yogar da kuke gani a waya ba ta kai tsufan da ake faɗa ba. Wani shahararren littafin yoga na ƙarni na 15 siffofin zama da motsi 15 kacal ya kawo. Ɗaruruwan da ake gani yanzu galibinsu a ƙarnin da ya wuce aka tsara su. A shekarun 1930 wani malami mai suna Krishnamacharya yana koyar da samari a fadar sarkin Mysore, a kudancin Indiya, kuma masanin tarihi Mark Singleton ya nuna a littafinsa na 2010 cewa yogar wancan zamani ta cuɗanya da atisayen motsa jiki na Turai, irin na Suwidin da Denmak, da ya shiga makarantu da barikokin Indiya lokacin mulkin Ingila. Cikin ɗaliban Krishnamacharya akwai ƙanin matarsa, B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918. Yaro ne mai yawan laulayi, ya sha zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka. Shi ne daga baya ya zauna a birnin Pune, ya mai da hankali kan abu ɗaya: daidaita gaɓoɓi. Ina dunduniya take, ina gwiwa ta dosa, ƙugu ya karkata ko bai karkata ba. Littafinsa na 1966 ya fito da hotuna kusan 600, ya bazu ko'ina, ya rasu a 2014 yana da shekara 95.

Ina ganin girman wannan mutum saboda wani abu da masu bidiyo ba su cika nunawa ba. Da ya ga tsofaffi da marasa lafiya ba sa iya abin da yake iyawa, sai ya kawo musu guntun katako, da ɗamara, da bargo, da kujera. Wanda hannunsa bai kai ƙasa ba, a sa masa katako ya dafa. Ya yarda jiki ya bambanta. Amma hoto ya fi magana saurin tafiya. Hotunan suka zaga duniya, mutane suka ɗauka siffar da ke cikin hoto ita ce doka, duk wanda bai kai ba malalaci ne, ya ƙara dannawa. Nan ne rauni ke shigowa. A 2012 wani ɗan jaridar kimiyya na jaridar New York Times, William Broad, ya yi rubutu kan raunukan da ake samu a yoga, na wuya da gwiwa da ƙugu, abin ya ta da ƙura ƙwarai tsakanin masu koyar da ita.

To ku saurara da kyau, don nan ne zuciyar shirin. Idan ka miƙa jiki ka ji ya tsaya, ɗayan abu biyu ne ya tsayar da kai. Ko tsoka ce ta ja, ko kuma ƙashi ne ya tokari ƙashi. Tsoka tana sakewa a hankali cikin makonni da watanni. Ƙashin baligi kuwa ba ya sauya siffa don ana danna shi. Ɗauki gaɓar ƙugu. Kan ƙashin cinya dunƙule yake, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu. Wani gurbinsa mai zurfi ne, wani bai da zurfi. Na wani ya fi fuskantar gaba, na wani gefe. Wuyan ƙashin cinyar ma murɗewarsa ba ɗaya ba ce tsakanin mutane. Shi ya sa za ka ga dattijo ɗan shekara 70 ya harɗe ƙafa a tabarma gwiwoyinsa na taɓa ƙasa, jikansa mai buga ƙwallo ya zauna gwiwoyinsa na tsaye a sama. Halitta ce. Ta yaya za ka gane wanne ne ya tsayar da kai? Jan tsoka a bayan motsi ake jin sa, shimfiɗe a tsakiyar nama: ka sunkuya, ka ji bayan cinya na ja. Tokarar ƙashi kuwa a gaban motsi ake jin ta, a wuri ɗaya ƙarami, kamar an matse wani abu a cikin gaɓar. In ka ji ta biyun, ka tsaya. Babu ladan da ke gaba da wannan wurin sai ciwo.

Mu mutanen Jos mun fi kowa dalilin sanin cewa ƙafa ba ɗaya ba ce. A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, aka yi wani bincike da ya sauya yadda likitocin duniya ke kallon ciwon laushin ƙashi na yara, wanda ke kawo gwame ko ƙafar da ta buɗe waje. A da an ɗauka rashin bitamin D ne kaɗai ke kawo shi, wanda jiki ke samu daga hasken rana. To mu kuwa rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka gwada yara 123 a nan Jos, suka buga sakamakon a 1999 a mujallar New England Journal of Medicine: sinadarin kalsiyam ne ya yi wa yaran ƙaranci, abincinsu hatsi ne zalla babu madara, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Daga baya ma an gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, shi ma ya yi aiki. Iyaye mata, in kun ga ƙafar yaro na lanƙwashewa, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, ko yana kukan ƙafa in ya yi tafiya, kada ku jira, ku kai shi asibiti tun ƙashin na ɗanye. Wanda kuma ya riga ya girma da irin wannan ƙafa, in mai bidiyo ya ce a haɗe ƙafafu a haɗe gwiwoyi, wannan umarni ba da shi ake ba. Ya buɗe ƙafarsa gwargwadon inda zai tsaya daram.

Gwiwa ita ce baiwar Allah a wannan sha'ani, don ita ke biyan bashin da ƙugu ya ci. Aikinta lanƙwasawa da miƙewa, juyawarta kaɗan ce. A cikinta akwai guringuntsi biyu da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Zaman nan da ya fi shahara a hotunan yoga, wanda ake ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗaya, juyawar ƙugu yake buƙata mai yawa. In ƙugu ya ƙi, mutum ya kama ƙafa da hannu ya ja da ƙarfi, murɗawar sai ta sauka a gwiwa, guringuntsin ciki ya matsu, wani lokaci ya yage. Guringuntsin nan kuwa jini bai cika isa tsakiyarsa ba, shi ya sa warkewarsa ke da wuya. Duk motsin da kake yi, in ka lanƙwasa gwiwa kana tsaye, ka duba ƙasa: kan gwiwar ya dosa inda yatsun tsakiya na ƙafa suka dosa. In ta faɗa ciki, ka gyara, ko ka rage duƙawar.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, har yanzu muna kan zancen ƙashi da gaɓa. Mu koma baya, wato ƙashin baya.

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a kwankwaso, sannan waɗanda suka manne da juna a ƙasa. Ta tsakiyarsu laka ta bi, jijiyoyi na fita ta gefe zuwa hannuwa da ƙafafu. Ba a miƙe sak yake ba. Wuya ya ɗan lotsa ciki, gadon baya ya ɗan turo waje, kwankwaso ya sake lotsawa. Haka aka halicce shi, kuma wanda ya ce ka shafe waɗannan lanƙwasa don bayanka ya zama sambal bai san jiki ba. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai mai tauri a gefe, mai taushi da ruwa a tsakiya. Ɗan dako ya san aikinsa tun kafin likita ya faɗa, don gammo ne: in kaya sun zauna a tsakiyarsa, nauyi ya watsu, a yi tafiya lafiya, in sun zauna a gefe, gammon ya zame, wuri ɗaya ya sha wuya.

Tun da gobara ta cinye babbar kasuwar Jos a watan Fabrairun 2002, kasuwanci da yawa ya koma bakin titi, a ƙasa ko a kan ɗan tebur. Kaya kuwa kullum a fito da su da safe, a kwashe da yamma. Ku tsaya wata safiya ku kalli tsohon ɗan dako, wanda ya daɗe a sana'ar, yadda yake ɗaukar buhun dankali. Ba ya rarumar sa daga nesa. Sai ya matso har buhun ya shiga tsakanin ƙafafunsa, ya tayar da shi tsaye, ya jingina shi a cinya. Ya gyara gammo, ya duƙa da gwiwa da ƙugu tare, ya ce wa na kusa da shi, "Ɗan'uwa, kama mini." Su ɗaga tare, buhun ya zauna, ya ɗan girgiza kai sau ɗaya don nauyin ya sami tsakiya. Daga nan haɓarsa ba ta sama ba ta ƙasa, kunne na saitin kafaɗa, kafaɗa na saitin ƙugu. In zai juya, da ƙafa yake juyawa, jiki duka ya tafi tare. Wannan mutum bai taɓa jin sunan Iyengar ba, amma abin da ake biyan kuɗi a koya a Pune da Landan shi yake yi. Kakanninsa ma haka suka ɗauki kwanon ƙasa a ka a ramukan kuza na Bukuru. A 1986 masu bincike a Kenya sun auna matan Luo da Kikuyu, suka ga suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu a ka ba tare da ƙarin kashe ƙarfi ba. Binciken da ya biyo baya a Afirka ta Kudu ya nuna ba kowa ke samun wannan sauƙin ba, kuma wuya yana shan wahala. Don haka gwaninta tana taimako, amma ba ta mai da buhu auduga.

Me ya sa matsowa kusa da kaya ke da muhimmanci haka? Lissafi ne. Tsokokin da ke riƙe kwankwaso tazararsu da faifan nan kusan santimita 5 ce kawai. In ka riƙe kaya mai kilo 20 a tazarar santimita 40 daga bayanka, tsokokin sai sun ja da ƙarfin da ya ninka sau takwas, wato kamar kilo 160, ban da nauyin jikinka da ya sunkuya. Duk wannan a kan faifan yake sauka. Ka jawo kayan ya dawo santimita 20, ka rage rabi. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da yawancin ma'aikata za su riƙa ɗagawa lafiya, shi ma in komai ya daidaita. Buhun siminti kilo 50 ne. Na san ba wanda zai ce wa ɗan dako ya bar buhu, da shi yake ciyar da gida. Amma ina roƙon masu kaya, Alhazai da Hajiyoyi, in ana ɗora wa mutum kaya ko ana sauke masa, ku sa hannu ko ku sa yaronku ya kama. Ɗagawa da saukewa su ne lokacin haɗari, musamman in an haɗa sunkuyo da murɗa jiki.

Ga wani abu da ya shafe mu a garin sanyi. Cikin dare, muna kwance, faifan nan suna shan ruwa su cika, har mutum yakan fi tsayi da santimita ɗaya ko fiye da safe. Faifan da ya cika ya fi ƙin lanƙwasa, don haka sunkuyo mai zurfi a sa'ar farko bayan tashi ya fi takura shi. Jos kuwa tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200, asubar hunturu jiki a ƙage yake. Wanda ya faɗo daga gado ya ce sai ya taɓa yatsun ƙafa da gwiwa a miƙe don haka ya gani a waya, ya zaɓi mafi munin lokaci. A fara da tafiya, jiki ya yi ɗumi. Masu sauke mota da sassafe su fara da ƙananan kaya.

Tela da mai shago da direban keke, naku ciwon na zama ne. Kan baligi ya kai kilo 5. In ya zauna a saitin kafaɗa, wuya ba ya jin sa. In an zuro shi gaba ana bin allura ko ana latsa waya, tsokokin ƙeya ke riƙe shi wuni guda, da la'asar sai ciwon kai da na allon kafaɗa. Amma a nan ma kada a ɗauka akwai wani zama guda da in an yi shi an tsira. Zaman da ya fi kyau ma in an daɗe a cikinsa sai ya gajiyar. Maganin shi ne sauyi: kowane rabin sa'a a miƙe, a taka, a ɗaga fitila ko a matso da ita don ido ya daina jawo kai.

Kada kuma wannan bayani ya sa ku ji tsoron bayanku. Baya abu ne mai ƙarfi. A 2015 an tattara hotunan MRI na mutanen da ba sa jin ciwon komai, aka ga kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya nuna alamar lalacewa, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Ba sa ciwo, ina ƙara faɗa. Don haka in an yi maka hoto an ce faifai ya ɗan turo, ba a yanke maka hukuncin zaman gida ba. Yawancin ciwon kwankwaso yana sauƙi cikin makonni, kuma doguwar kwanciya ƙara shi take yi.

To yogar tana magani ko ba ta yi? Tana taimako, daidai gwargwado. A 2017 an buga wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka kan mutum 320 masu daɗaɗɗen ciwon kwankwaso, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi. Bayan mako 12, waɗanda aka koya wa yoga mai sauƙi sun sami sauƙi kwatankwacin waɗanda aka kai sashen gashi. Ku lura, mai sauƙi ce, da malami a tsaye, da kujera da ɗamara, ba kafa kai a ƙasa. A ƙarshen 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida kan wannan ciwo, ta sa motsa jiki mai tsari cikin abubuwan da ta yarda da su, ta ce kada a dogara da ɗamarar ƙugu ko magungunan kashe zafi masu sa maye. A fahimtata, sunan motsin ba shi ne sirrin ba. Sirrin shi ne a motsa a hankali, a san abin da kowace gaɓa ke yi, a dawwama.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san daidaito da natsuwar gaɓɓai suna cikin farillan salla, kuma malam ya nuna masa yadda ake shimfiɗa baya a ruku'u, tafuka a kan gwiwoyi, kai ba sama ba ƙasa. Salla ibada ce, ba na kiran ta motsa jiki. Abin da nake tunatarwa shi ne tun muna yara aka koya mana ba kowace gaɓa wurinta, aka kuma koya mana wanda bai iya tsayuwa ba ya zauna.

In kana inda za ka iya, ka miƙe mu gwada abu biyu tare. Wanda ke tuƙi ya bari sai ya tsaya. Tsaya ƙafafu a buɗe daidai faɗin ƙugu. Ji inda nauyinka yake. Yawancinmu za mu tarar mun jingina a ƙafa ɗaya, ko mun tura ƙugu gaba mun kulle gwiwa baya. Raba nauyin tsakanin dunduniya da gindin babban yatsa da gindin ƙaramin yatsa. Saki gwiwa kaɗan. Saki kafaɗa ta sauko daga kunne. Ja numfashi ta hanci har haƙarƙari ya buɗe gefe da gefe, ka sake shi a hankali, sau biyar. Yanzu dafa tebur ko bango da tafuka biyu, ka ja da baya taku biyu, ka tura ƙugu baya, gwiwa a sake, har bayanka ya shimfiɗe tsakanin hannuwa da ƙugu. Lanƙwasawar a gaɓar ƙugu take, a nan inda cinya ta haɗu da mara. Sa yatsa ka ji wurin. Za ka ji bayan cinya na ja, wannan daidai ne. In ka ji tsini a kafaɗa, ɗaga hannun sama kaɗan a bangon. In ka ji wani abu kamar wuta ya bi ƙafa zuwa ƙasa, taso, wannan jijiya ce, ba a miƙa ta da ƙarfi. Numfashi biyar, sannan ka tako gaba ka miƙe. Mai jiri ya taso a hankali. Da dare kuma a kwanta rigingine, a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, a riƙe ta bayan cinya, a sauya. In numfashinka ya sarƙe ko kana cije baki, ka wuce iyaka.

Tsayuwa a kan kai ko a kan kafaɗa kuwa, shawarata a bar ta. Ƙasusuwan wuya ƙanana ne, kuma ta cikinsu jijiyoyin jini biyu ke bi zuwa ƙwaƙwalwa. Mai hawan jini, da mai hawan ruwan ido, da mai ciwon wuya, da ɗan dakon da wuyansa ya wuni ƙarƙashin buhu, babu abin da za su samu a ciki da ya kai haɗarinsa. Mai juna biyu ta tambayi ma'aikatan awo kafin ta fara kowane sabon motsi. Kada kuma ka yarda wani ya hau bayanka ko ya danna gwiwarka wai yana taimaka maka ka kai. Shi ba ya jin abin da kake ji.

'Yan'uwana masu aikin ƙarfi, zancen ƙwaya. Na san akwai masu haɗiyar tiramadol ko diklofenak da safe don su iya wuni. Zafi shi ne ke gaya maka gaɓa ta kai iyakarta. In ka kashe shi ka ci gaba da ɗauka, ɓarnar na tafiya ba ka sani ba. Diklofenak kullum yana cin ciki, yana taɓa ƙoda. Tiramadol yana kama mutum, yana kawo farfaɗiya. Kuɗin da ke tafiya can ya isa kuɗin mota zuwa asibiti.

Akwai kuma ciwon bayan da ba na motsa jiki ba ne, ba na mai ɗori ba ne, na likita ne a yau ɗin nan. In ƙafa ta fara rauni ko tana jan ƙasa, in tsakanin cinyoyi ya mutu ba ka jin taɓi, in fitsari ya ƙi fita ko fitsari da bayan gida suna zuwa ba ka sani ba, wannan gaggawa ce, sa'o'i ake ƙirgawa. In ciwon baya ya zo da zazzaɓi da gumin dare da rama, ko wani ƙashi ya turo a gadon baya, a tuna tarin fuka yana kama ƙashin baya, yana nan a ƙasarmu, kuma yana da magani. Mai sikila da ke jin ciwo a ƙugu ko a matsematsi in ya taka, kada ya ce miƙa zai yi. Kan ƙashin cinya ne ke iya rasa jini, a yi hoto. Haka wanda ya faɗo daga mota ko daga bene. JUTH tana Lamingo, ga Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ga asibitin Jankwano. Wanda ciwonsa ya wuce mako shida bai sassauta ba, ya nemi likita ya tura shi sashen gashi, a duba jikinsa shi kaɗai, a tsara masa motsin da ya dace da ƙashinsa da sana'arsa.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki zancen goyo da daka da ɗiban ruwa, da abin da suke yi wa bayan iyayenmu mata. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya sa albarka a kasuwa. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)